Mayar da Magana

Gargaɗi

Kai da ka buɗe wannan littafi, ko ke, ba don kai na rubuta ba. In a ƙarƙashin zannuwana ka same shi, tambayi kanka abin da ya kai hannunka cikin kayan matar da ba sa'arka ba. In ka ƙi ji ka ci gaba, kada ka zo mini da tambaya, kada kuma ka kai wa 'yata ko kalma ɗaya. Abin da na ga dama na faɗa. Wanda na bari, da dalili na bar shi.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Babbar 'yata ta dawo gida da akwati ɗaya. Motar kamfanin jiragen ta sauke ta a bakin layi, ta jawo akwatin cikin taɓo har ƙofa. Shekara uku ke nan tana zama a kujerar dama ta jirgin fasinja, mataimakiyar matuƙi, kuma ba ta taɓa shigowa gidan nan ba ta cika mana kunne da labarin gajimare ba. Yau ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaishe da babanta, ta shige ɗaki.

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. "Maman Direba, ashe baƙuwa muka yi?" Na ce hutu ta zo. Ta ce, "Ai mun gani a talabijin, Allah ya kiyaye gaba." Na ce amin, hutu ta zo.

Direba. Babanta ne ya laƙa mata tun tana jan kwalin sabulu da zare tana cewa jirgi ne. Ni ban taɓa kiranta da shi ba.

Lahadi, da hantsi

Ba ta ci ba. Rabin kofin shayi.

Na buɗe akwatin na tarar da yunifom a dunƙule kamar tsumma, busasshen taɓo har kafaɗa. Na wanke, na goge, na rataye a bayan ƙofarta. Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin matron a makarantar kwana ta 'yan mata, ban taɓa barin yarinya ta kwana da kaya a dunƙule ba, ko saƙon rasuwa aka kawo mata. Mai baƙin ciki ma yana bukatar riga mai kari. Da na sake wucewa na ga ta juya rigar ta fuskanci bango.

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake ba. Babu wanda ya mutu. Jirgin ya sauka cikin ruwan sama, ya zarce ƙarshen titin filin jirgi, ya tsaya a ciyawa. Akwai wata ma'aikaciyar jirgin a asibiti. Sauran ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Litinin, bayan la'asar

Na dawo daga makaranta na jiyo kiɗa tun daga get. Baban yara ya kwaso tsohuwar na'urar bidiyo daga shagonsa, inda yake gyaran rediyo da fanka, ya haɗa ta da talabijin da wayoyi kala-kala. Da kaset ɗin nan. Na ɗauka ya daɗe da ruɓewa. Tsohon fim ne na wani jirgi mai farfela huɗu da injinsa ɗaya ya kama wuta, gajimare kuma ya sauko har ƙasa ya rufe musu hanya. Ina da cikinta ya sayo shi. Tana ƙarama sun kalle shi ita da shi ya fi a ƙirga. Ni ban taɓa zama na kai ƙarshensa ba, ina da abin yi.

Na ce, "Yanzu fisabilillahi, duk finafinan duniya ka rasa wanda za ka kunna mata sai wannan? Wanda wuta ta ƙona ake kai wa garwashi?"

"Matron, ita ta tambaya."

"Yaro in ya tambayi wuƙa sai ka miƙa masa?"

"Wane yaro? Mai ɗaukar mutane cike da jirgi ta ratsa sama da su?"

Ita tana zaune a ƙasa, gwiwa a ƙirji, rimot a hannu. Ko juyowa ba ta yi ba.

Kiɗan ne ya fi damuna. Goge ne guda ɗaya, yana hawa taki uku, sai ya tsaya kamar mai hawa bene da ya ɗaga ƙafa bai sami matakala ba. Ya koma ƙasa, ya sake hawa uku. Ina yanka albasa a kicin na kama kaina ina jiran na huɗu. Wanda ya tsara kiɗan nan ba shi da tausayi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Tun safe ana abu ɗaya. Ba ta ci ba. Lafiya lau muke.

Alhamis, bayan la'asar

Na zauna a falo ina cire maɓallai daga tsohuwar riga, ba kallo na zo yi ba. Amma kunne ba shi da murfi. Na lura mutanen ɗakin tuƙin nan kamar aku suke. Mutumin hasumiya ya faɗi lamba a rediyo, sai matuƙi ya maimaita lambar. Tsohon matuƙin ya ce a sauke taya, sai yaron da ke gefensa ya ce a sauke taya. Kowa ya yi magana sai an mayar masa da ita.

Na ce, "Wannan wane irin raini ne? Babba ya yi magana, yaro yana kwaikwayonsa?"

Ban yi zaton za ta amsa ba. Tun da ta zo, magana mafi tsawo da na ji daga bakinta ita ce ina kwana.

"Ba raini ba ne, Umma. Doka ce. In aka faɗa maka magana sai ka mayar, don mai maganar ya ji abin da ya fita daga bakinsa, ya kuma ji abin da ya shiga kunnenka. Maganar da ba a mayar ba, ba a yi ta ba. Wannan fim ɗin shi kaɗai na sani da bai yi ƙarya a nan ba. Sauran duk ihu suke."

Na ce, "Can sama ke nan. A gidan nan yaro ba ya mayar wa babba magana."

Ta ce, "Na sani, Umma."

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Da tsiwa ce, da na san abin da zan yi da ita.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

An kira ta a waya. Kwamitin bincike zai zauna, ba Alhamis mai zuwa ba, ta bayanta. In ta je ta yi bayani, za su duba lamarinta. In ba ta je ba, lasisinta ya tafi, tuƙi ya ƙare.

Ta ajiye wayar ta ce ba za ta je ba.

Babanta ya ce, "Direba, ai akwai akwatin nan da ke naɗar magana. Me kuma suke nema a bakinki?"

"Ruwa na dukan gilashi, Abba. Muryata ba ta fito ba. Kalma ɗaya kawai suka ji."

"Wace kalma?"

"Kamar."

"Kamar me?"

"Shi ne abin da suke so su sani."

Ta tashi ta kunna kaset.

Wanda ke kujerar hagu a ranar, Kyaftin ne. Shi ya koya mata. Shi ne ya zauna a falon nan shekarun baya ya lallashe ni har na bar ta ta tafi makarantar tuƙi. Baba take ce masa. Shekara ɗaya ta rage masa ya ajiye aiki. Ban ce komai a kan wannan ba. Na rubuta ne kawai don kada na manta wane ne wane.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na gane ba fim ɗin take kallo ba. Wuri ɗaya take kallo. Tsohon matuƙin, mai furfura, ya hango jerin fitilu ta cikin gajimare ya ce ga fili can, ya karkata jirgin. Yaron yana duban allurar na'urar awo da ke gabansa. Ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, tsohon bai ko waiwaya ba. Sai yaron ya ɗaga murya: "A'a! Gada ce, ba fili ba. Ɗaga!" Ya ɗora hannunsa a kan hannun tsohon.

Sai ta mayar baya. Ta sake. Ta mayar baya.

Na ce, "Dubi marar kunya. Hannunsa a kan hannun sa'an ubansa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Baban yara ya ce, "Matron, ai su sun wuce rimi."

Ban yi dariya ba. Ita ma ba ta yi ba. Ta sake mayarwa baya. Idanunta a bushe, leɓenta yana motsi tare da na yaron.

Na tashi na danna maɓalli, na zare kaset ɗin, na kai ɗakina na kulle a durowa. Na ce an gama kallo a gidan nan. Mutum ya tashi ya yi wanka, ya ci abinci, ya san abin da zai yi da rayuwarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ni ban tanƙwara 'ya don ta zauna gaban talabijin tana ruɓewa ba.

Ta ce, "To, Umma."

Litinin, da magariba

Shiru. Na samu abin da na nema.

Talata, da sassafe

Tana wanke kofuna tana rera kiɗan gogen da hanci. Taki uku, ta tsaya. Taki uku, ta tsaya. Kaset yana durowa, makulli yana bakin zanena.

Ba ta ci ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Matar Kyaftin ta zo da kwalin lemo da turare. Mace ce mai kirki, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ta rame. Ta ce mijinta ba ya barci, yana zagaya tsakar gida kamar mai neman abin da ya faɗi.

Ta ce, "Maman Direba, ke kam kin iya reno. Kullum yana faɗa, duk yaran da ya koya wa babu mai ladabinta. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ko sau ɗaya. Yaran yanzu kuwa, kafin ka rufe baki sun ba ka goma."

Na ce alhamdulillahi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Wace uwa ce ba za ta ji ba?

Ta ce, "Shi ya sa hankalinmu ya kwanta. Mun san ba za ta tsaya gaban baƙi ta kunyata ubanta ba."

Na raka ta har mota. Na dawo na tsaya a kicin da kwalin lemon a hannu. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ko sau ɗaya. Na juya maganar ta kowane gefe, yabo ce. To me ya sa take sukata kamar ƙaya?

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Yau ba ni da aiki. Babanta ya ja ta shago wai ta taya shi riƙe waya, don dai ta ga rana. Na rufe ƙofa na fito da kaset. Matron ba ta ƙwace abu daga hannun yarinya sai ta duba abin da ke ciki. Bincike ne.

Zan faɗi gaskiya, tunda ni ce nake koya wa 'ya'yan mutane faɗinta. Waɗanda suka yi fim ɗin nan sun san aikinsu. Na ɗauka za a yi ta kururuwa da faɗuwa, ashe a'a. Wuta na cin fiffike, su kuwa a ɗakin tuƙi suna bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar masu ƙirga kayan wanki. Tsoron ba a bakinsu yake ba. Yana wuyan rigar yaron da ya jiƙe. Yana kofin shayi da ke zamewa a hankali a kan tebur, ba wanda ya kula sai mai kallo. A baya, wata ma'aikaciya tana bi kujera-kujera tana karɓar takalma masu tsini da tabarau, tana murmushi, sai da ta shiga bayan labule ta jingina goshinta da bango, numfashi biyu, ta fito da murmushinta. Na san wannan. Na yi shi a bayan ƙofar ɗakin jinya ranar da zazzaɓi ya kwantar mini da rabin ɗakin kwana.

Kuma na gano dabarar mai kiɗan. Gogen na fasinjoji ne. Da zarar an rufe ƙofar ɗakin tuƙi sai ya ɗauke ɗif, ba ka jin komai sai ƙugin inji da numfashi. Wato masu jira aka yi wa kiɗa. Masu aiki ba su da shi. Wannan mutum ya taɓa zama yana jiran wani.

Sai aka zo wurin. Na matsa kusa da talabijin don na ji abin da yaron ya fara faɗa ƙasa-ƙasa. Na mayar baya. Cewa ya yi, "Ina ga kamar..." Ya haɗiye sauran. Idonsa ya je kan furfurar tsohon, ya dawo kan allura. Tsakanin maganarsa ta farko da ta biyu numfashi ɗaya ne tal. Na mayar baya don na sake ganin numfashin. Na sake mayarwa.

Sai na'urar ta yi wani irin ƙara, hoton ya zama ruwan toka. Na buɗe, zaren kaset ya fito kamar hanjin kaza, a tsinke.

A haka suka same ni, a durƙushe, da cokali ina ƙoƙarin zaro shi.

Baban yara ya ce, "La ilaha! Direba, zo ki ga Matron ta buɗe sinima."

Na ce bincike nake.

"To me bincike ya nuna?"

Na ce ya nuna na'urarsa ta tsufa kamar mai ita.

Juma'a, da yamma

Ya baje kayan aiki a teburin cin abinci, abin da na hana tun muna amare. Na yi kamar ban gani ba. Ya yanke inda ya tauye da reza, ya haɗa bakin biyu da salatif. Ya ce zaren da aka rasa bai wuce tsawon ɗan yatsa ɗaya ba.

Ta ci rabin burodi a tsaye tana kallon hannunsa.

Asabar, ƙarfe uku na rana

An kunna. Ban hana ba, ban kuma ce na yarda ba. Da aka zo wurin, hoton ya yi tsalle. Tsohon ya ce ga fili can, nan take yaron ya daka tsawa, gada ce, ɗaga. Ɗan yatsan da reza ta ci, shi ne inda ya yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Abba, ka yanke inda ya ji tsoro."

Ya ce, "Ai ya fi kyau haka. Namiji, kai tsaye."

Na ce, "Ya zama ƙarya."

Duk suka juyo.

Na ce, "Babu ɗan da aka haifa aka rena da zai buɗe baki haka farat ɗaya a kan mai furfura. Wancan na yarda da shi, don na ga ya haɗiye magana kafin ya fito da ita. Wannan ɗan fim ne kawai." Na ci gaba da ninke kayan da ke cinyata. Na ce, "Wanda ya haɗiye ta farko, ba a ce ba shi da ta biyu ba. Wani tasa numfashi ɗaya take ɗauka. Wani ta fi haka."

Ban dube ta ba. Na tafi na ɗora ruwa.

Lahadi, da hantsi

Rigar tana nan tana kallon bango. Alhamis na matsowa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma



Kyaftin ya zo da kansa. Dogo ne, amma yau sai na ga kamar an rage masa tsawo. Ya gaisa da baban yara, ya tambayi makaranta, ya zauna a kujerar da ya taɓa zama. Ta fito ta durƙusa a gefen kafet, kai a ƙasa, yadda na koya mata. Na kawo shayi.

Ya ce, "'Yata, na ji an ce ba za ki je ba. Kada ki yi haka, ki je. Ba na so ki rasa aikinki saboda ni. Abu ne mai sauƙi. In sun tambaye ki kalmar nan, ki ce ruwa kike nufi. Kamar ruwan ya ƙaru. Shi ke nan, kowa ya huta."

"To, Baba."

"Ai ba ƙarya ba ce. Ruwa ya ƙaru."

"To, Baba."

Na ji "to" daga bakin 'yan mata dubu. Na san wadda ke nufin na ji, na san wadda ke nufin na rufe ƙofa na bar ka a waje. Ina tsaye da faranti a hannu, sai na ji gogen nan a kaina, taki uku, ya tsaya.

Na ce, "Mayar masa."

Ta ɗago. "Umma?"

"Ba ke kika ce mini maganar da ba a mayar ba, ba a yi ta ba? Babba ya yi magana. Mayar masa ya ji."

Baban yara ya ajiye kofinsa a hankali kamar ƙwai.

Sannan ta gyara zama, ta dube shi a ido. Muryar da ta fito ban taɓa jin ta ba, ba sanyi, ba zafi, irin ta mutanen ɗakin tuƙin nan. Ashe tana da ita, a can take barinta.

"Ka ce in gaya wa kwamiti ruwa nake nufi."

Ta ci gaba.

"Ka ce in gaya musu babu wata magana bayan wannan."

Ya ce, "Haka na ce." Da ƙyar aka ji.

"A'a, Kyaftin. Ba ruwa nake nufi ba. Gudunmu ya yi yawa, mun wuce inda ya kamata taya ta taɓa. Ba kamar ba ne, na gani a gabana. Ya kamata mu ɗaga mu sake zagayowa. Na gani, na fara faɗa, na yi shiru. Shi zan gaya musu, har da shirun."

Ya dubi hannuwansa. Ina jin bakinsa ne ya riga shi, al'adar aikin shekara talatin, don cewa ya yi, "Gudu ya yi yawa. Ya kamata mu ɗaga." Sai ya tsaya kamar wanda ya ji muryar wani. Ya ce, "Na ji 'kamar' ɗin nan, 'yata. Ban tambaye ki kamar me ba."

Ya tashi. Na raka shi har get, na ba shi haƙuri saboda shayin ya huce. Saboda shayin kawai.

Da na dawo tana nan inda take, tana kuka, na farko tun da ta zo. Na ce in ta gama ta kwashe kofuna.

Talata, da rana

Ta ci. Shinkafa, ta ƙara.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na ɗauki izini a makaranta. Da safe na same ta ta juyo da rigar da kanta, tana neman tawul za ta goge takalmi.

Dogon baranda ne, benci na ƙarfe, fanka ɗaya mai ƙara, ƙofa mai gilashin da ba a ganin ciki. Ta shiga. Ni da babanta muka zauna. A ɗaya ƙarshen bencin matar Kyaftin ce. Na gaishe ta. Ta dubi bango. Ban ga laifinta ba, kuma ban sake gaishe ta ba.

Aka turo wata yarinya a keken marasa lafiya, ƙafarta a miƙe cikin filasta har cinya. Sa'ar 'yata ce, ko ba ta kai ba. Ba wanda ya gaya mini wace ce, amma na tuna ma'aikaciyar jirgin da ke asibiti. Na tashi na riƙe musu ƙofa.

Daga cikin ɗakin ba a jin komai. Baban yara ya fara rera gogen da hanci, bai ma sani ba. Da a gida ne da na tsawata. Na ƙyale shi. Mu ne fasinjoji.

Ta fito bayan azahar. Lasisi yana nan. Za ta yi watanni ba ta ɗauki fasinja ba, za ta koma horo, a gwada ta daga farko kamar sabuwa. An rubuta shirunta a takardunta, zai bi ta. Kyaftin ya yi nasa bayanin kafin nata, kuma ba zai jira shekarar ta cika ba. Abin da ya gaya musu ba ta faɗa ba, ban tambaya ba.

A hanya maƙwabciya ta tare mu. "Maman Direba, hutu ya ƙare?" Na ce ba hutu ba ne, bincike aka yi mata, kuma ta amsa.

Asabar, bayan la'asar

Mun kalli fim ɗin mu uku, daga farko har ƙarshe, da tsallen salatif ɗinsa. Ba su sami fili ba. A bakin teku suka kwantar da jirgin a kan cikinsa, kuma ba kowa ne ya fita ba. Ban yi zaton haka ba, na kuma girmama su da ba su yi mana ƙarya ba. Gari ya waye, tsohon yana zaune a kan yashi, yaron yana gefensa yana rawar sanyi. Ba godiya, ba neman gafara. Tsohon ya cire kwat ɗinsa ya ɗora wa yaron a kafaɗa. A nan gogen ya hau uku, ya taka na huɗu. Ƙaramin sauti ne, bai kai yadda na zata ba. Shekara kusan talatin yana cikin gidana ban sani ba.

Baban yara ya ce, "Matron, hawaye nake gani?" Na ce albasa ce. Ya ce yau ƙwai aka soya.

Na kashe talabijin na ce su zauna, ina da magana. Ban soke komai ba. Gaisuwa tana nan, durƙuso yana nan, ba a baje reza a teburin cin abinci. Ƙari ne na yi. Na faɗa, na sa kowannensu ya mayar mini, har shi, yana dariya yana faɗa, sai da na sa ya sake. Ga ta, don wanda ya ƙi jin gargaɗina ya karanta har nan, shi ma ta hau kansa:

Daga yau a gidan nan "to" kaɗai ba amsa ba ce. Wanda aka yi wa magana, babba ko yaro, zai mayar da ita yadda ya ji ta. In ya ga ba daidai ba, ya ce a'a, ya faɗi abin da ya gani, babu "kamar". Da ladabi, amma da muryar da zan jiyo daga kicin.